Rariyar Dandalin Sada Zumunta: Yadda Mutum Zai Zaɓi Abin da Yake Son Gani

Gabatarwa

Idan ɗalibai biyu da ke zaune a kan benci ɗaya suka buɗe Facebook a lokaci guda, ba abu ɗaya za su gani ba, ko da kuwa abokansu ɗaya ne. Wannan zai tarar da ƙwallon ƙafa da barkwanci, wancan kuma wa'azi da siyasa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa abin da ya fara shigowa shi ne ake nuna musu, kamar yadda wasiƙu ke taruwa a akwatin gidan waya. Ba haka abin yake ba. Akwai wata rariya a tsakanin mai karatu da abin da aka wallafa, kuma ita ce ke yanke hukuncin abin da zai wuce da abin da zai tsaya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda wannan rariya take aiki, da kuma hanyoyin da mutum zai bi ya juya ta zuwa ga abin da zai amfane shi. An fi ba da ƙarfi a kan Facebook saboda shi ne ya fara shahara da wannan tsari, amma za a taɓo YouTube da Instagram da TikTok da kuma X. Daga ƙarshe za a duba yadda ɗalibin Hausa, musamman wanda yake karatu nesa da ƙasar Hausa, zai mayar da wayarsa wani ajin koyon harshe.

Mene ne Zauren Labarai?

Idan aka ce zauren labarai a nan, ana nufin wannan dogon jerin rubuce-rubuce da hotuna da bidiyo da mutum ke tararwa da zarar ya buɗe manhaja, wanda yake ja da yatsa ba ya ƙarewa. Abin da ke tsara wannan jeri kuwa shi ake kira algoridim, wato jerin ƙa'idojin lissafi da aka ba kwamfuta domin ta yanke hukunci da kanta. Shi ne muka kira rariya a wannan maƙala.

Ana iya kwatanta shi da mai shayin unguwa. Ranar farko sai ka gaya masa cokali nawa na sukari kake so. Bayan mako biyu, da ya hango ka zai fara haɗawa ba tare da ka buɗe baki ba. Bambancin kawai shi ne, mai shayi yana jin abin da ka faɗa, shi kuwa algoridim ya fi kula da abin da ka aikata. In ka ce ba ka son gulma amma kullum kana tsayawa kana karanta ta har ƙarshe, to a wurinsa kai masoyin gulma ne.

Taƙaitaccen Tarihi

An kafa Facebook a watan Fabrairu na shekarar 2004 a Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka. A farkon lamari babu zauren labarai. Duk wanda yake son sanin halin da abokinsa ke ciki sai ya tafi shafin abokin da kansa. A watan Satumba na 2006 ne aka ƙirƙiro zauren da ke tattaro motsin abokai wuri ɗaya. Ɗalibai masu yawa sun fusata a lokacin, suna ganin an tona musu asiri, har sai da Mark Zuckerberg ya ba da haƙuri ya kuma ƙara hanyoyin ɓoye bayanai. Duk da haka zauren bai mutu ba, sai ma ya zama zuciyar dandalin.

A 2009 aka kawo maɓallin nuna so, wato alamar babban yatsa. Daga nan kamfanin ya sami ma'auni mai sauƙi na gane abin da ke burge kowa. A 2013 kamfanin ya bayyana cewa duk lokacin da matsakaicin mai amfani ya buɗe shafinsa, akwai abubuwa kimanin 1,500 da za a iya nuna masa, amma kusan 300 ne ake fifitawa. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokaci abin da ake ɓoye wa mutum ya fi abin da ake nuna masa yawa nesa ba kusa ba.

Sauran dandali sun bi sahu. A 2012 YouTube ya koma auna tsawon lokacin da ake kallon bidiyo maimakon yawan dannawa kawai. A 2016 Instagram da Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, suka daina dogara ga jeri na lokaci kaɗai, suka shigo da nasu algoridim. Shi kuwa TikTok, ya zo da wani salo ne daban: ba ya jiran ka bi kowa, da ka shiga zai fara jefo maka bidiyo yana lura da wanda ka tsaya a kai.

Yadda Rariyar Take Aiki

Bisa bayanin da kamfanin Facebook ya yi da kansa, aikin yana bin matakai huɗu. Da farko ana tattaro duk abin da abokanka da shafukan da kake bi da zaurukan da kake ciki suka wallafa. Na biyu, ana duba alamomi: wane ne ya wallafa, yaushe, rubutu ne ko hoto ko bidiyo, kuma yaya mu'amalarka da shi take a baya. Na uku, kwamfuta tana yin hasashe a kan kowane abu: shin zai tsaya ya karanta? Zai yi sharhi? Zai tura wa wani? Na huɗu, sai a ba kowane abu maki, wanda ya fi maki ya hau sama. A 'yan shekarun nan an ƙara cakuɗa abubuwan mutanen da ba ka bi ba ma, waɗanda ake ganin za su ja hankalinka.

Abin lura a nan shi ne, alamomin ba nauyinsu ɗaya ba. Takardun cikin gida da wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin mai suna Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 alamomin fuska, har da ta fushi, suna da nauyin alamar so sau biyar. Sakamakon haka, abin da ke tayar wa mutane da hankali ya riƙa samun hanya fiye da abin da ke ilimantar da su. Daga baya kamfanin ya rage wannan nauyi, har ya mayar da na alamar fushi sifiri a 2020. A 2018 kuma kamfanin ya sanar da cewa zai fifita abubuwan da ke jawo muhawara tsakanin mutane a kan waɗanda ake kallo kawai a wuce. To ai kowa ya san cewa babu abin da ke tara sharhi kamar faɗa.

Shi ma TikTok ya yi bayani a 2020 cewa kallon bidiyo daga farko har ƙarshe alama ce mai ƙarfi, yayin da ƙasar da mutum yake da harshen wayarsa alamomi ne masu ƙaramin nauyi. Ke nan idonka ma yana jefa ƙuri'a, ko da yatsanka bai danna komai ba.

Me ya sa kamfanonin ke wannan wahala? Amsar ita ce talla. Ba ka biyan kuɗin shiga dandalin, amma masu talla suna biya domin su same ka a ciki. Iya daɗewarka, iya tallan da za a nuna maka. Saboda haka rariyar tana neman abin da zai riƙe ka ne, ba lallai abin da zai amfane ka ba. Wani lokaci abubuwan biyu sukan haɗu, wani lokaci kuma su raba hanya.

Hanyoyin Gyara Zauren Labarai

Wuraren maɓallai sukan sauya duk lokacin da aka sabunta manhaja, amma akasarinsu suna ɓoye ne a wurare biyu: ɗigo ukun da ke gefen kowane rubutu ko bidiyo, da kuma sashen saituna. Ga hanyoyin da suka fi muhimmanci.

1. Rage kaya. Mataki na farko na algoridim shi ne tattaro abin da waɗanda kake bi suka wallafa, don haka daga nan gyara ke farawa. Mutum ya zauna ya duba jerin shafukan da yake bi da zaurukan da aka jefa shi ciki shekara da shekaru, ya fita daga waɗanda ba shi da buƙata. A Facebook ana iya daina bin mutum ba tare da an yanke abota da shi ba, kuma ba za a sanar da shi ba. Wannan ya dace da al'adarmu, domin cire kawu ko tsohon malami daga jerin abokai yana iya zama abin magana a gida. Haka kuma tun 2017 akwai damar dakatar da mutum ko shafi na kwana 30, wadda take da amfani ƙwarai lokacin zaɓe ko lokacin jarrabawa.

2. Fitar da na gaban goshi. Facebook ya ba da damar ware abokai da shafuka har 30 a matsayin zaɓaɓɓu, domin abin da suka wallafa ya riƙa hawa sama. Instagram ya kawo irin wannan a 2022, inda ya ba da gurbi 50. Bai kamata a cika waɗannan gurabe da abokan hira kawai ba. A sa shafin sashe, da na malaman da ke rubutu mai ma'ana, da kafar labarai ɗaya ko biyu da aka amince da su, da shafukan da ke sanar da guraben tallafin karatu.

3. Faɗa wa rariyar ra'ayinka. A ƙarƙashin ɗigo uku akwai zaɓin nuna cewa kana sha'awar irin wannan abu ko ba ka sha'awarsa. A TikTok sai a danne bidiyon na ɗan lokaci zaɓin ya fito. A YouTube akwai zaɓi biyu: a ce ba a sha'awar bidiyon, ko kuma a ce kada a sake kawo tashar baki ɗaya. Bugu da ƙari, tun 2019 Facebook ya sa wani zaɓi da ke bayyana dalilin da ya sa aka nuna maka wani rubutu. Duba shi lokaci-lokaci yana taimaka wa mutum ya gane irin hoton da kwamfuta ta zana masa.

4. Toshe kalmomi. A X da Instagram da TikTok mutum yana iya rubuta kalmomin da ba ya son gani, a riƙa kawar masa da abin da ke ɗauke da su. Wanda tallan caca ya dame shi, ko wanda ba ya son a gaya masa ƙarshen fim kafin ya kalla, wannan ce hanyarsa.

5. Komawa jeri na lokaci. A 2022 Facebook ya ware wani sashe inda ake ganin abin da abokai da shafuka da zauruka suka wallafa bisa lokacin da suka wallafa shi. A shekarar ce Instagram ya dawo da irin wannan zaɓi. A X kuwa tun 2023 akwai ɓangare biyu a sama, ɗaya na abin da aka zaɓo maka, ɗaya na waɗanda kake bi. A YouTube ma akwai sashen tashoshin da mutum ya yi rajista da su. Sai dai manhajojin sukan mayar da mutum ɓangaren algoridim idan ya fita ya dawo, saboda haka sai ya mayar da shiga wancan ɓangaren al'ada.

6. Share tarihi. YouTube yana dogara ƙwarai ga tarihin abin da aka kalla. Ana iya goge bidiyo ɗaya daga tarihin, ko a goge duka, ko a dakatar da adana shi. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu inda waya ɗaya takan zaga hannu da yawa. Idan ƙaninka ya karɓi wayarka ya yini yana kallon zanen yara, gobe shafinka zai cika da shi. Maganin abin shi ne a kunna masa yanayin sirri kafin a miƙa masa. Idan kuma zauren ya lalace gaba ɗaya, TikTok ya kawo damar sake farawa daga tushe a 2023, Instagram kuma ya sanar da irin tasa a ƙarshen 2024.

7. Kame yatsa. Wannan ita ce hanya mafi wuya, kuma mafi tasiri. Idan ka ga abin da ya ɓata maka rai ka tsaya ka rubuta raddi mai zafi, rariyar ba ta san ɓacin rai ba, abin da ta gani shi ne ka tsaya ka yi sharhi. Ka kuma taimaka wa rubutun ya kai ga wasu. Gara a wuce da sauri, ko a ɓoye shi, ko a kai ƙararsa idan ya cancanta. Akasin haka, idan ka ga abu mai amfani kada ka wuce shiru: ka karanta har ƙarshe, ka adana, ka yi sharhi ko da na layi ɗaya ne. Abin da mutum ya shuka a nan shi zai girba.

Ɗalibin Hausa da Zaurensa

Mu da muke nazarin Hausa a matsayin harshe na biyu a kudancin ƙasar nan, babbar matsalarmu ita ce ƙarancin jin harshen a wajen aji. Da an tashi daga lacca sai a koma Turanci ko Burokin ko harshen gida. Ba kowa ne ke samun zarafin zuwa Sabo ko kasuwar shanu kullum domin ya yi hira ba. Amma waya tana aljihu dare da rana, kuma ana iya koya mata ta riƙa yi wa mutum Hausa.

Da farko, a sauya harshen manhaja. Tun 2016 ake iya amfani da Facebook da Hausa. A cikin saitunan harshe kuma akwai wurin da ake lissafa harsunan da ba a so a fassara. Ɗalibi ya sa Hausa a ciki, in ba haka ba na'ura za ta riƙa juya masa rubutun zuwa Turanci, ta raba shi da abin da ya zo nema.

Na biyu, a bi kafofin da ke rubuta daidaitacciyar Hausa, kamar Sashen Hausa na BBC wanda ya fara aiki a 1957, da DW da RFI, da jaridar Aminiya. Amma kada a tsaya nan. Hausar labarai daban, Hausar kasuwa daban. A haɗa da tashoshin finafinan Kannywood, da shirye-shiryen Arewa24, da gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato, da kuma masu magana daga Damagaram da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ta haka ne ɗalibi zai ji bambancin karin harshen gabas da na yamma da kunnensa, ba a kan allo kawai ba.

Na uku, a riƙa bincike da Hausa. Duk kalmar da aka rubuta a akwatin bincike alama ce. Sai dai a kula da batun haruffa masu lanƙwasa. Yawancin masu rubutu a intanet ba sa sa su, don haka wanda ya nemi "ƙasar Hausa" ko "waƙa" ya kamata ya sake nema da "kasar Hausa" da "waka", domin sakamakon yakan bambanta. Wannan kuma gargaɗi ne: ba duk Hausar da ke intanet ce abin koyi ba. Akwai masu haɗa kalmomin da ya kamata a raba, kamar "yace" a maimakon "ya ce", da masu cakuɗa Turanci ba gaira ba dalili. A saurari kowa, amma idan an zo rubutu a koma ga ƙa'idojin da aka koya a aji.

Iyakar Wannan Gyara

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da ya danna maɓallan nan shi ke nan ya karɓi linzami. A 2022 gidauniyar Mozilla ta gudanar da bincike da taimakon masu amfani da YouTube fiye da 20,000. An gano cewa danna "ba na sha'awa" ya hana kimanin kashi 11 cikin ɗari kawai na irin bidiyon da ba a so, cire bidiyo daga tarihi ya hana kashi 29, shi kuwa hana tasha baki ɗaya ya hana kashi 43. Darasin da ke nan shi ne a fi dogara ga matakai masu ƙarfi, kuma a riƙa maimaitawa.

Haka nan jeri na lokaci ba maganin komai ba ne. A wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023, an mayar da wasu masu amfani da Facebook da Instagram a Amurka zuwa jeri na lokaci na tsawon wata uku a kakar zaɓen 2020. Sun rage lokacin da suke ɓatawa a dandalin, amma sun ƙara cin karo da siyasa da kuma labarai daga majiyoyi marasa inganci, ra'ayinsu kuma bai sauya wani abin a zo a gani ba. Wato idan waɗanda kake bi ba na kirki ba ne, cire rariya ba zai tsarkake ruwan ba.

Akwai kuma haɗarin wuce gona da iri. A littafinsa na 2011, Eli Pariser ya yi gargaɗi cewa tacewa tana iya kulle mutum a cikin wani ƙoƙo, inda ba ya jin komai sai amon muryarsa. A ƙasa irin Nijeriya mai harsuna da addinai da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka taimaka wajen rura wutar rikici a Jihar Filato. Wanda ya toshe kowa sai 'yan ɓangarensa, shi ne zai fi saurin gaskata irin wannan. Saboda haka a toshe zagi da batsa da damfara, amma a bar ƙofa a buɗe ga masu hankali da ke da saɓanin ra'ayi.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa zauren labarai ba haka kawai yake tsaruwa ba, lissafi ne da aka gina a kan ɗabi'un mai amfani da kuma buƙatar masu talla. An kuma kawo hanyoyi bakwai na gyara shi, da yadda ɗalibin Hausa zai ci moriyarsu, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya. Shawarata ga 'yan uwa ɗalibai ita ce, a farkon kowane zangon karatu mutum ya ware rabin awa ya tace waɗanda yake bi, ya sabunta jerin zaɓaɓɓunsa, ya share tarihin da ba ya so. Bayan haka sai ya ɗan yi haƙuri, domin rariyar takan ɗauki kwanaki kafin ta gane cewa mai wayar ya sauya hali. Kuɗin data da lokacin karatu duk namu ne, bai kamata mu bar wata na'ura ita kaɗai ta yanke mana yadda za a kashe su ba.